Maraƙar da Muka Kai Ramin Duhan

Duk wanda ya san ni a kasuwar Gadarif ya san in na ce na ga maciji, sai an rage masa kamu uku kafin a yarda. Ba na musu. Ni baduku ne, ina ɗinka markub, takalmin fatar nan da dattawa ke sawa ranar Juma'a, kuma mutumin da ke zaune tun safe har la'asar da basilla a hannu, in bai riƙa buɗe baki ba sai bakin ya ɗinke shi ma. Amma wannan labarin ban ƙara masa komai ba, sai abin da harshena ya saba ƙarawa ba da sanina ba.

Saniyar da ke gidanmu ta matata ce. Ita kaɗai ta zo hannunta daga garken mahaifinta lokacin da ya rasu a wani ƙauye kusa da Doka. Ja ce, mai guntun ƙaho ɗaya, mai kallon mutum kamar ta san abin da ya yi jiya. Mun kewaye mata wuri da kara a ƙuryar gida, ta zauna tana cin abin da ya fi nawa tsada. Sau biyu tana ɗaukar ciki tana ɓari. Da ta riƙe na uku har ya tsufa, matata ta daina barci sosai. Ba ta cika magana a kai ba, sau ɗaya kawai ta ce mini, tana tankaɗe, in Allah ya sa mace ce, to garken babanta bai ƙare ba. Na ce mata in namiji ne ma sai mu sa shi makaranta. Ta yi dariya, amma ba har ciki ba.

Naƙudar ta zo a tsakiyar sanyi, lokacin yankan dawa. Mutanen wasu ƙasashe suna raina sanyinmu, to su zo su yi alwalar asuba da ruwan da ya kwana a buta. A wannan shekarar na rantse na ga zakara ya buɗe baki zai yi cara, ya ji iska, ya rufe ya koma. Kuma lokaci ne da unguwarmu ke zama ta mata da tsofaffi da irina, don duk mai ƙarfi ya hau lori ya tafi manyan gonaki. Ƙanin matata, wanda shi ne ya san shanu a danginmu, yana can wajen Basunda da lauje a hannu. Wayarsa kuwa sai ya hau tudu take kamawa.

Na dawo daga masallaci na tarar da saniyar a kwance tana nishi, matata na tsugune a bayanta. Ƙafa ɗaya ta leƙo, da ɗan hanci, daga nan komai ya tsaya. Muka jira har rana ta fito, muka jira har ta hau katanga. Saniyar ta daina yunƙuri, sai idonta da ya yi fari. Matata ta ce ɗaya ƙafar ta lanƙwashe a ciki, ta taɓa ganin babanta ya gyara irin wannan, amma hannunta ba zai kai ba. Ta dubi nawa.

Ni da na san fatar saniya ta waje ciki da bai, ban taɓa sanin ta ciki ba. Na tuɓe jallabiya, ta zuba mini man riɗi tun daga yatsu har kafaɗa, na yi bisimilla na shiga. Hannuna ya tafi har na zaci zan taɓo ciyawar da ta ci bara. Duk yunƙurin da ta yi sai in ji ƙasusuwana suna gaisawa da juna. Na lalubo gwiwar, na tura kan baya kamar yadda matata ke faɗa mini, na tallafo kofaton a tafin hannuna na jawo shi. Muka ɗaura igiya a ƙafafun biyu, muka ja, ni ina ja ina zagin kakannin bijimin da ya jawo mana wannan, ita tana ja tana salati. Da hantsi abin ya suɓuto gaba ɗaya ya faɗo mini a cinya.

Mace ce. Matata ta ɗaga wutsiyar ta duba, ta zauna a ƙasa daɓas.

Sai dai 'yar maraƙar ba ta motsi. Harshenta ya kumbura ya fito gefe. Na share mata hanci da yatsa, na sa tsinke na soka a ciki, ta yi atishawa, ta ja numfashi. Daga nan ta fara rawar ɗari, irin wadda har haƙarƙarinta ke kaɗawa. Muka jawo ta gaban uwar. Uwar ko kai ba ta iya ɗagawa, tana shimfiɗe kamar an yar da buhu. Iska kuwa tana shigowa ta tsakanin kara tana dukan jiƙaƙƙen jikin nan. Na taɓa kunnen maraƙar na ji shi kamar ƙarfe.

A nan ne dabara ta zo mini, kuma ina so a rubuta cewa ni ta zo wa. A bayan ɗakin matata, kamar a kowane gida na matan aure a ƙasar nan, akwai ramin duhan. Ɗan rami ne da ake sa garwashi da itacen ɗalha mai ƙanshi, mace ta zauna a kan tabarma mai huda ta lulluɓa da shamla, bargon ulu mai kauri, hayaƙin ya gasa mata jiki ya bar ta da ƙanshi na kwana da kwanaki. Babu wurin da ya fi shi ɗumi a gidanmu. Na ce mata, Hajiya, hura ramin nan. Ba ta je Makka ba, ni nake kiran ta haka tun muna amare.

Ta hura. Kafin itacen ya kama, ta ɗebo ruwan ɗumi ta wanke maraƙar tas, tun daga kunne har kofato, ta cire duk yauƙin haihuwa kamar yadda ta wanke 'ya'yanmu biyar. Ta tsane ta da tsohon zanenta, ta shafe ta da man da take shafawa in za ta shiga duhan, mai ƙanshin sandal da kanumfari. Ni kuma na zauna a bakin ramin, na rungume ta a ƙirji, matata ta lulluɓe mu da shamla. Na zama namiji na farko a tarihin unguwarmu da ya yi duhan. Hayaƙi ya shiga idona, ina hawaye ina tari, maraƙar ma tana tari, amma a hankali rawar ɗarin ta tsaya. Kunnenta ya yi ɗumi. Ta ɗaga kai ta yi wani ɗan kuka kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba.

Ban taɓa jin kaina gwani kamar a wannan lokacin ba. Matata ta kwashe mahaifar da uwar ta yar, ta haƙa rami mai zurfi a gindin katanga ta binne, ta share wurin ta zuba sabon yashi. Gida ya yi tsaf.

Da azahar saniyar ta miƙe, ta sha ruwan dusa. Muka kawo mata 'yarta. Ta miƙa wuya ta shinshina, ta ja da baya, ta huro iska ta hanci. Ta sake shinshinawa. Sai ta sunkuyar da kai ta ture ta da guntun ƙahon nan har ta faɗi. Na ce gajiya ce, ko ni aka yi wa abin da aka yi mata da safe ba zan so ganin kowa ba. Muka mai da maraƙar cikin shamla, matata ta ba ta ruwan sukari da cokali. Ni kuwa labari yana cina a baki, na saka jallabiya na tafi kasuwa.

A rumfar mai jabana na ba da shi, inda muke shan gahawa bayan la'asar. Na ce na shiga cikin saniya har ƙugu, na ce na fito da amarya, na ce yanzu ƙanshina ya fi na matan unguwa, wanda bai yarda ba ya matso. Mutane suka yi ta matsowa suna shinshina wuyana suna faɗuwa da dariya. Wani ya tambaya ko an sa ranar biki. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, wani tsoho da ya yi kiwo shekaru masu yawa kafin gwiwoyinsa su zaunar da shi yana sayar da igiya a bakin kasuwar dabbobi. Kowa Baba yake ce masa. Ya bari dariyar ta lafa, ya ajiye ɗan kofinsa.

"Uwar ta lashe ta kafin ku wanke?"

Na ce a'a, ai tana kwance.

"Ta sha dakashi?"

Na ce tukuna, uwar na fushi.

Ya miƙe da ƙyar. Ya ce, "Ya zol, bawan Allah, tashi mu je gidanka."

A cikin raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, ya yi mini bayani, ba tare da ya ɗaga murya ba. Saniya ba ta sanin ɗanta da ido, da hanci take sanin sa, da wannan yauƙin da muka wanke. Shi take lasa ta gane nata ne, lasar kuma ita ce ke ɗumama ɗan. Da mun goge ta da buhu mun kare ta daga iska mun bar ta a gaban uwar, da ta lashe ta ko tana kwance. Dakashi kuma, nonon farko mai kauri, shi ne garkuwar maraƙi, kuma a ranar farko yake aiki. Irin shanunmu ba sa sakin nono sai sun ji ɗansu a jiki. Na yi ta neman abin dariya da zan faɗa tun daga kasuwa har ƙofar gida, ban samu ba.

Ya gaisa da matata, ya tsuguna da ƙyar ya shinshina maraƙar. Ya tambayi mahaifar, don a goga mata ko warin zai dawo. Na tono ta, ta riga ta cuɗe da baƙar ƙasa ta yi sanyi. Muka goga hakanan. Muka shafa wa maraƙar fitsarin uwar da kashinta, muka yayyafa mata gishiri a gadon baya. Saniyar ta shinshina, ta kau da kai. Ƙanshin ɗalha ba ya fita da wuri, don haka ne ma mata ke son sa. Muka yi wa uwar dabaibayi, na riƙe mata kai, Baba ya tura bakin maraƙar a hantsa. Ta tsotsa, ta tsotsa, babu komai, uwar ta riƙe nononta kamar ta kulle da kwaɗo. Da hannu ya tatsa, abin da ya samu bai cika kofin jabana biyu ba. Shi muka ɗura mata. Magariba ta yi, ya ce zai dawo da safe.

Da safe ya zo da wata dabara. Ya ce wani lokaci in saniya ta ga kare ya nufo ɗan, uwantakarta kan motsa ta kare shi, daga nan sai ta karɓe shi. Ba mu da kare, na maƙwabta kuma ya bi mai gidansa gona. Na ce ni zan yi. Na yafa buhu, na durƙusa da hannu da gwiwa, na zagayo ta bayan turke ina haushi. Haushin da na yi, karnukan unguwa uku suka amsa mini. Na yi gurnani, na kai wa maraƙar cafka a ƙafa. Saniyar ta juyo ta kalle ni tana tuƙa, ta kalli maraƙar, ta mai da kai cikin kara. Na ɗaga ido ina jiran matata ta yi dariya. Tana tsaye da ƙwarya a hannu, idonta na kan 'yar maraƙar, ba ta ma san na yi haushi ba.

Daga ranar muka zama uwarta mu biyu. Na rufe rumfata. Maƙwabciyarmu ta riƙa ba mu nonon akuya, matata ta ɗumama ta zuba a kwalba, na yanka yatsan safar hannu ta roba na ɗaura a baki. Sau shida a yini. Da safe in fito da ita rana a jikin katangar da ba iska, da yamma in mai da ita ɗakin girki kusa da murhu, a kan buhunan da muke canzawa. Ta san takuna. In na shigo sai ta ɗaga kai ta nemi yatsana ta tsotsa. Sau uku a yini muna kai ta wajen uwar, sau uku uwar na ture ta, har na daina kallo, ina riƙe kan saniyar ina duban sama.

A rana ta uku zawo ya kama ta, fari, mai wari. Tarin da ta fara a bakin rami bai tafi ba, ya koma ciki, in na sa kunne a haƙarƙarinta sai in ji kamar ana tafasa ruwa a nesa. Na ɗauko likitan dabbobi. Ya yi mata allura, ya ba mu garin da za mu dama mata, ya tambaya ko ta sha hayaƙi. Na ce kaɗan. Ya tambayi wane irin hayaƙi, na faɗa masa. Ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya ga fuskar matata ya rufe. Ya ce mu yi abin da za mu iya.

Rana ta biyar ita ce ta cuce mu. Na fito da ita rana, na juya zan ɗauko kwalba, na waiwayo na gan ta tsaye. Ƙafafu huɗu, kowace ta nufi gari daban, amma tsaye. Ta yi taku uku ta kama gefen jallabiyata tana taunawa. Na kira matata na ce ta zo ta ga amarya ta fito zaga dangi. Ta fito da hannu duk ƙullu, ta yi dariya ta gaske, irin wadda na kwana biyar ban ji ba. Ranar ta dafa asida, tuwon nan namu, da miyar kuɓewa, muka ci muka ƙoshi. Na fara tsara yadda zan ba da labarin a kasuwa, har na ƙara cewa ta yi tsalle ta haye katanga.

Washegari ba ta tashi ba. Ta ƙi kwalba. Muka riƙa ɗiga mata da cokali a gefen baki, rabi ya shiga rabi ya zubo. Idonta ya faɗa ciki, hancinta ya bushe. Na kira ƙanin matata har sau nawa, da ya samu ya hau tudunsa sai ya ce a bar wa Allah.

A rana ta bakwai muna zaune a gefenta, matata ta yi maganar da take riƙe da ita.

"Ni na wanke ta, Malam. Ni da na tashi a cikin shanu."

Na ce ni na ce a hura rami.

"Kai ba ka sani ba. Ni na sha ganin babana yana hana mu taɓa maraƙi sai uwar ta gama da shi. Na gan ta a jiƙe tana rawa, sai na ga jariri kawai."

Shekara ashirin da wani abu muna gardama, kullum kowa na tura wa ɗan'uwansa laifi, ranar kuwa kowa na ja wa kansa. Na so in faɗa mata haka ko za ta murmusa. Na duba, na ga ba wurin wasa ba ne.

Ta mutu a rana ta takwas da hantsi, a jikin katangar nan, kanta a kan ƙafar matata. Ba ta yi wani motsi ba. Numfashin ya riƙa nisa da juna har wani bai zo ba. Uwar na can a turke tana cin kara.

Na zaci an gama, sai Baba ya zo da la'asar ya duba hantsar saniyar. Ta kumbura ta yi tauri, ta yi zafi, don kwana takwas abin da muke samu da hannu bai taka kara ya karya ba. Ya ce in aka bar ta haka hantsar za ta lalace, mu rasa nonon, wataƙila mu rasa saniyar. Ya ce a yi mata bawwu. Na san abin, na sha gani a rugage: a feɗe fatar maraƙin da ya mutu, a cusa mata ciyawa, a tsayar a gaban uwar lokacin tatsa. Na ce, Baba, wadda ta ƙi ta da rai? Ya ce a gwada, ba abin da ya rage a rasa. Ya ce kuma a unguwar nan ba wanda zai ɗinka ta kamar ni.

Na ɗauke ta na kai bayan gida inda matata ba za ta gani ba. Na feɗe dubban fatu a rayuwata, na akuya, na rago, na sa, har na mesa. Wannan ba ta fi zanen jariri kauri ba. Na kankare ta, na wanke ta da toka, na cika ta da gishiri na shanya a inuwa kwana biyu. Na ɗinke ta da ƙananan ɗinki, irin wanda nake yi wa takalmin ango, na cusa mata busasshiyar ciyawa, na sa mata sanduna huɗu a ƙafafu. Ta tsaya da kyau fiye da yadda ta taɓa tsayawa.

Da safe na ajiye ta a gaban saniyar, Baba ya yayyafa mata ruwan gishiri da ɗan fitsarin uwar. Saniyar ta miƙa wuya. Ta shinshina kai, ta shinshina gadon baya, ta daɗe a wajen wutsiya. Sai ta fito da harshe ta lasa. Ta sake lasa, tun daga wuya har ƙugu, tana wani ɗan gunji can ƙasan maƙogwaro wanda ban taɓa ji daga bakinta ba. Baba ya ce wa matata, "'Yata, kawo ƙwarya." Ta tsuguna, ta kama, nono ya zubo da ƙarfi har yana kumfa. Ƙwarya ta cika, ta ɗauko wata. Tana tatsa, goshinta a jikin cikin saniyar, kafaɗunta na rawa, ba ta tsaya ba sai da hantsar ta yi laushi.

Ban san ko gishirin take lasa ba ko 'yarta. Na tambayi Baba, ya ce shi ma shekara hamsin bai sani ba.

Wata bakwai tana ba da nono. Kullum da safe da yamma ni nake ɗauko bawwun daga saman rumfa, inda muke ajiye shi saboda ɓeraye, in saƙale shi a hammata in kai turke, in jira a gama in mayar. Ta lashe gashin gadon bayan har ya zama sanƙo, na yi masa faci sau biyu. Saniyar ba ta sake ɗaukar ciki ba, likitan ya ce wahalar haihuwar ta taɓa ta a ciki. Da nonon ya ƙafe matata ta ce in kai abin nan inda ba za ta ƙara ganin sa ba. Na fita da shi bayan gari, wajen kwarin da ruwa ke bi da damina. Na so in jefa, sai na kafa sandunan a cikin tsagar ƙasa, na gyara masa tsayuwa, na juyo gida.